Uwar Biyu Ta Hau Dutse

"Ɗaga ƙafa, dutse!" in ji Uwar Biyu. Ta ja gyalen da ta ɗaure bakinsa ɗaya a hannunta, ɗaya bakin a hannun mijinta. Injiniya ya tsallake yana dariya kamar wanda ake yi wa cakulkuli.

Tun da gari ya waye suke hawa. Mai gadin ƙofar dutsen ya dube su sama da ƙasa, tsohuwa mai ciwon gwiwa da tsoho mai baƙin tabarau da sanda, ya ce doka ɗaya ce a nan: duk wanda ƙarfe ɗaya ta yi bai kai ƙololuwa ba, ya juyo. Uwar Biyu ta ce masa ita da ta haifi biyu rana guda, ba dutse ne zai ba ta tsoro ba.

Ƙarya take, tsoron dutsen take ji. Shekara ashirin da shida Injiniya yana hawa dutsen nan gyaran ƙarfen rediyon da ke can sama, kullum ya dawo da labari: tafki mai siffar ludayi, titi siriri kamar zare. Kullum ya roƙe ta ta zo ta gani, kullum ta ce ita ba akuya ba ce. Ana nan yanar ido ta rufe masa gani, shekara bakwai ke nan. Watan jiya autarsu ta kai shi aka yi masa aiki, ya dawo gida da tabarau da sandarsa, ya ce sai haƙuri.

Ranar Uwar Biyu ta yi kuka a bayan keken ɗinkinta har ta gode Allah. Da ta share fuska ta ce ya faɗi abin da yake so. Ya ce ta kai shi sama, ta zama idonsa, ta gaya masa ko ludayin na nan. Ta yi alkawari kafin hankalinta ya dawo. Autar kuwa tana zuba musu ruwa da burodi a jaka tana toshe baki da dariya, har uwar ta ce mata mara mutunci.

Wajen hantsi hanya ta miƙe tsaye kamar tsani. Gwiwoyinta suka fara ƙara irin ta tsohuwar ƙofa. Wasu samari masu manyan takalma suka wuce su suna "Sannu Kaka!", ba a yi awa guda ba ta iske su a baje kan dutse suna haki. Ta mayar musu da sannunsu ɗaya bayan ɗaya, ta wuce tana taku kamar ba ita ba.

Iskar sama ba ta cika ciki, sai ta sa mutum shirme. Uwar Biyu ta kama dariya ba gaira ba dalili. Ta yi wa wani ƙadangare sallama. Ta ce wa Injiniya ita yanzu ji take kamar 'yar shekara sha takwas.

"Ai haka kike, Amarya," ya ce. "Ba kin ce har yau ko furfura ɗaya ba ki yi ba?"

"Ko ɗaya," ta ce, ta gyara ɗankwali. Shekara bakwai tana gaya masa haka. Me zai ƙara wa makaho ya san kan matarsa ya koma auduga?

A wata kwana tsakuwa ta zame mata. Kafin ta yi salati hannunsa ya riga ya cafke gwiwar hannunta. Ta ce kai, ashe kunnen makaho ba wasa ba. Da suka zo inda hanya ta rabu biyu ta tsaya tana dube-dube, shi kuwa ya ja gyalen ya yi hagu, ya ce ƙafa ba ta mantuwa.

Sha biyu da rabi, ga ƙarfen rediyon can, amma saura wani hawa mai tsaurin gaske. Ta ajiye kunya ta kama da hannu da ƙafa, tana rarrafe tana kirari, tana zagin dutsen da wanda ya so shi. Injiniya na biye yana cewa ashe dai akuyar ce. Saura minti shida ƙarfe ɗaya ta dafa ƙarfen ta miƙe.

Ta duba.

Babu komai. Gajimare ya lulluɓe duniya fari fat, ko yatsan ƙafarta da ƙyar take gani. Awa bakwai ta jawo bawan Allah, shekara bakwai yana jiran wannan wuri.

"To, Amarya? Yana nan?"

Ta share murya.

"Yana nan daram! Ludayi sak, har da mariƙinsa. Ruwan shuɗi, sai ƙyalli yake. Ga titin nan kamar zare, ga wata mota ja tana rarrafe kamar buzuzu." Ƙarya ta yi mata daɗi a baki, ta ƙara masa jirgin kwale-kwale biyu da garken shanu, tana nuna fanko da yatsa, tana dariya hawaye na zuba.

Sai wata iska ta taso ta fizge ɗankwalinta, ta yi sama da shi. Injiniya ya saki sanda, ya yi taku biyu, ya cafe shi a iska. Ya zare tabarau ya sa a aljihu, ya daɗe yana dubanta.

"Ni dai gajimare kawai nake gani, Amarya," ya ce. "Amma furfurar nan da babu ita ta yi miki kyau, wata guda ke nan ina kallonta."