Ƙodar Hagu

Ƙoda ɗaya ta ɓace daga mutum-mutumin robar da Malama ke koyar da sassan jiki da shi. Ga huhu, ga hanta, amma gurbin ƙodar hagu wayam.

"Ba mai fita," in ji ta, ta rufe ƙofa. Idonta na kan sarkin tsokanar ajin.

"Wallahi Malama, yau ba ni ba ne!"

"Za mu gani. Me na koya muku? In tsoro ya shiga ƙwaƙwalwa, zuciya ta hau gudu, tafin hannu ya jiƙe. Baki ne kaɗai ya iya ƙarya."

Ta bi su benci-benci tana taɓa wuyan hannu. Na sarkin tsokana yana bugawa a natse. Har za ta wuce monitar ajin, wadda ko alli ba ta taɓa ɓatarwa ba, sai ta ga hannunta a dunƙule. Ta kama. Jijiyar na dukan uku-uku.

"Ke?"

Yarinyar ta buɗe hannu. Ga ƙodar, sharkaf da gumi.

"Ba sata na yi ba, Malama. So nake in ga ko sauran sassan za su zauna daidai in babu ita. Gobe za a cire ƙodar Mama a sa wa Baba."

Malama ta karɓi ƙodar, ta jefa a jakarta. Ta mayar da hanta da hanjin da ta ciro don darasi, ta rufe ƙirjin mutum-mutumin.

"Zo ki girgiza shi," in ji ta a hankali. "Da ƙarfi. Ki ga ko wani abu zai faɗi."