Sunayen Kayan Gado

Auta ta ɗaga farin zanin mai roba a kusurwoyi, ta girgiza shi a gaban uwarta.

"Wannan fa, Inna?"

"Zanin gado."

"Da Turanci nake nufi."

Inna ta tsuke baki. Ita da ta tsufa tana gyara gadaje a gidajen mutane, ba a taɓa ganin tattara a shimfiɗarta ba, yau ita ake tsarewa da tambaya kamar 'yar aji ɗaya. A saninta abin shimfiɗawa zani ne, abin rufa bargo ne, magana ta ƙare. Amma Turawa, da yake ba su da aikin yi, sun bi kowane ƙyalle sun raɗa masa suna. Mai robar nan da ke kama katifa, fitid shit. Wanda ake ɗorawa a kansa, falat shit. Rigar matashi, filokes. Mai kaurin nan da aka cusa wa auduga sunansa dube, shi ma har da tasa rigar, wai dube koba.

Da ƙyar aka samo wa Inna wuri a gidan kula da marasa ƙarfi, ranar Litinin ake jiranta. Shugabar gidan ba ta ɓoye wa Auta komai ba. Babu mai jin Hausa a cikin ma'aikatansu, hannuwa kaɗan ne, gadaje da yawa, ba mai lokacin tsayawa ana yi masa kwatance. Wanda bai iya kiran abu da sunansa ba, haka zai wuni ba a san yana wurin ba.

Zaman gida kuwa ya ƙare. Auta ta yi iyakar yinta, ita kaɗai ba za ta iya riƙe kanta da uwarta ba, kuma Inna ba ta cikin matan da ke roƙon a ji tausayinsu.

"Wannan fa?"

"Dube."

"Bulanket ne, Inna. Dube ya fi shi kauri. Idan kika ce dube a kwanakin zafi, shi za a miƙo miki." Auta ta ninke bargon ta ajiye. "Da ke ce ke koya min, da tuni na sha ranƙwashi."

"Har yanzu ba ki wuce shi ba, marar kunya."

Auta ta yi dariya, ta matso da kanta kusa. Ranƙwashin bai zo ba. Dariyar ta tsaya, ta juya ta jawo wata leda mai kauri da santsi, wadda ake sawa tsakanin katifa da zani.

"Makintosh," in ji Inna, tun ba a tambaye ta ba, tana kallon bango.

Suka sake bi daga farko. Fitid ya koma falat, falat ya koma koba. Kan da ya haddace yadda kowace uwar ɗaki ke son gadonta, yau ya ƙi riƙe ɗan abin da yaran unguwa ke faɗa a wasa. Rana ta yi sanyi, kayan suka taru a ƙasa, Auta ta durƙusa tana kwashewa, ta ƙi ɗago fuska.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Saura ɗaya ba ki koya min ba. Idan na ji na jiƙa shimfiɗa, ga hannu ba ya ɗaguwa, ga ƙafa ba ta motsi, da wane Turancin zan roƙi yarinyar da za ta zo juya ni ta canja min?"