Inda Bube Ya Ninke Shafi

La'asar ta yi sanyi lokacin da Rauda ta iso shagon hayar littattafai na Bube, a bakin tashar Kankiya. Tun rasuwar mijinta, nan kaɗai take samun abokin hira.

Ta dire littafin da ta dawo da shi a kan benci. "Na yi da-na-sanin ƙarasa wannan. Marubuciyar ta raba masoyan a shafin ƙarshe, babu gaira babu dalili."

"Shi ya sa ni ba na ƙarasawa," in ji Bube, kansa a sunkuye. "Inda labari ya yi daɗi, nan nake ninke shafin in rufe."

"Ni kuwa ko mai ɗaci ne sai na ga ƙarshensa."

Sai a lokacin ta lura shagon ya zama wayam, littattafan duk suna ɗaure cikin kwalaye.

"Kano zan koma," ya ce a hankali. "Kowa a waya yake karatu yanzu."

Ta tsaya jiran sauran maganar, wadda ta daɗe tana hangowa a idonsa. Ya buɗe baki, ya rufe, sannan ya miƙo mata wani littafi. "Riƙe wannan, kyauta ne."

"Malam Bube, mu ma nan ka ninke mu ke nan?"

Ya juya wajen kwalayensa. Can ɗan kamasho yana ta kiran Kusada, garinsu Rauda.

A cikin mota ta buɗe littafin, ta tarar da shafin da ya ninke a tsakiya. Ta sa yatsa ta warware shi, ta ci gaba da karantawa ita kaɗai.