Ranar da Albasarmu Ta Ruɓe

Tun daga zaure warin ya tarye ni da na dawo daga makaranta. Albasar da muka noma a Bakolori ce, wadda Inna ta adana a rumbu tana jiran ta yi daraja. Ashe jinka na yoyo ba mu sani ba, kusan duka ta ruɓe. Shekarata goma, kuma da kuɗin albasar aka yi mini alkawarin ɗinkin Kirsimeti.

Na iske Inna a tsakar gida tana tsince masu ɗan kyau, hannunta duk yauƙi, tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Waƙar nan ta fi komai ƙona mini rai. Na yi jifa da jakata na ce, "Inna, kullum addu'a, ina amfaninta? Ta maƙwabta lafiya lau take!"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ɗiyata, Yesu bai ce ba za mu sha wuya ba. Cewa ya yi yana tare da mu cikinta, kuma nan mutum ka yin ƙwari. Zamna ki kama mini."

Na zauna ina tsinta ina kuka, ba don na yarda ba. Rabin kwando muka samu.

Yanzu na wuce shekarun da Inna take da su a ranar, na yi jinyar miji shekara biyu har na binne shi. Ban gaji sanyin zuciyarta ba. Har yau addu'ata da ƙorafi take farawa, wani lokaci da faɗa, amma ban taɓa tashi ban ce amin ba.