Kara Mai Gaɓa Bakwai

Mai gari Abarci ya ɗaga karan dawa mai gaɓa bakwai ya nuna wa jama'a, sai ka ce wani abu ne da ba a taɓa gani ba. Ƙa'idar wasan ba ta da wuya. Zai riƙe karan a tsaye, yaro ya buɗe yatsu biyu a ƙarƙashinsa, shi kuma ya saki ba sanarwa. Wanda ya cafke a gaɓar farko shi ne mai saurin hannu. Wanda ya bari har ta bakwai kuwa, Allah ya ba shi haƙuri.

A wancan zamanin Dakoro ba ta wuce rijiya ɗaya da 'yan bukkoki ba, Nasara bai ko ji sunanta ba. Amma ranar duk mai ƙafa ya zo gindin gawo, kuma bakin Bubakar ne ya tara su.

Bubakar yana da shanu arba'in da 'ya'ya maza huɗu masu shayar da su, da 'ya mace ɗaya, Zainabu, wadda yakan manta da ita in yana lissafi. Kwana uku kafin nan, matarsa Uwale tana tankaɗe ta ce, ko kai ba ta ɗaga ba, wai ita ta lura 'yan mata sun fi samari saurin hannu. Da mai haƙuri ne da ya yi dariya ya wuce. Shi kuwa ya kwashi maganar har bakin rijiya, ya rantse a gaban mutane cewa in mata suka ci, zai ɗaura zane ya daka hatsi a tsakiyar kasuwar Birnin Lalle. Baki dai shi ke yanka wuya. Mai gari, wanda Allah ya ba 'ya'ya mata shida ba namiji ko ɗaya, ya yarda a gwada tun ba a gama roƙonsa ba.

Tun daga ranar tuwo ya daina yi wa Bubakar daɗi. Ya sa malami ya yi wa samarin gari rubutu suka sha, ya tara su a bayan garke yana sakar musu sanda har hannunsa ya ƙage. Hatsi ya fara nuna a gonaki, tsuntsaye jan-baki suna wucewa sama garke-garke, shi ko kallo ba su ishe shi ba. Zane kawai yake gani a mafarki.

Ran wasan, samari goma suka fara. Babban ɗansa Hamani ya kama a ta uku, Bubakar ya yi kabbara. Na biyu ya kama a ta biyar. Na uku ya tsaya kallon 'yan mata har karan ya sauka a kan babban yatsansa na ƙafa, jama'a suka kwashe da dariya. Sauran suka yi ta yawo tsakanin ta huɗu da ta shida. Rubutun malam dai bai kai hannu ba, a ciki ya tsaya.

Gumi ya jiƙe rawanin Bubakar. Tsoro ya kama shi sosai, musamman da ya hango Zainabu a layin mata, don ya taɓa ganin ta riƙe igiyar guga da ta kuɓuce wa ƙato. Ya waiga wajen Uwale. Tana zaune cikin mata tana sakace, kamar ba ita ta kunno wutar ba.

Yarinyar farko ta kama a ta bakwai. Ta biyu ma ta bakwai. Haka ta uku, haka ta huɗu, har tara. Ba wadda ta bar shi ya taɓa ƙasa, ba kuma wadda ta yi abin kirki. Zainabu ta zo ƙarshe. Bubakar ya rufe ido yana salati, bai buɗe ba sai da ya ji ihun samari. Ita ma ta bakwai.

Dattijon ya manta da girmansa, ya yi tsalle, ya taka rawa ba kiɗa. Mai gari ya miƙa masa karan ya ce ya ajiye shaida, sannan ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Jama'a, kun gani da idonku," in ji shi. "Shekara da shekaru ɗiyanmu mata muke aikawa korar tsuntsu, suna soyuwa cikin rana, ashe kuskure muke yi. Aikin wanga na mai saurin hannu ne. Daga gobe samari za su tahi gona da majajjawa, tun hitowar rana har hwaɗuwarta, sai an yanke hatsi."

Ihun samarin ya mutu. Bubakar ya tsaya baki buɗe yana tunanin shanu arba'in, da rijiya mai zurfin gaba ashirin, da wata guda cur wanda ba mai jan guga sai shi da bayansa mai ciwo. Garin wannan lissafi karan ya suɓuce daga hannunsa.

Bai kai ƙasa ba. Zainabu, tana tsakar hira da ƙawarta, ko dubawa ba ta yi ba, ta cafke shi da yatsu biyu a gaɓar farko ta miƙa masa.

"Ungo, Baba. Inna ta ce duk mu tsaya ga ta bakwai, amma ai wasa ya ƙare."