Makin Zangon Ƙarshe

Ana gama cin abincin rana Tessa ta danna hon a bayan makaranta. Brynn ta cusa littafin lissafi a jaka, ta bi ta ƙofar baya, ta faɗa mota.

"Kin cika nawa, 'yar kwaleji," in ji Tessa. "Tafki ba ya jiran kowa."

To, me zai hana ta tafiya? Tun Disamba Brynn Halvorsen ta gama da duniya. Kwalejin Ashcombe kujera ɗaya tak take ba makarantarsu kyauta duk shekara, bana kuma ita ta ɗauke. An ce akwai wani na biyu da aka ajiye ko da wani abu zai faru, ba a dai faɗi sunansa ba. Kowa ya ce Preston ne, wannan mai ɗaga hannu tun malami bai gama tambaya ba.

Sharaɗi ɗaya ya rage: in shekara ta ƙare, makaranta ta aika wa kwalejin makin zangon ƙarshe.

"Wa ke karanta shi?" Tessa ta ce tana lasar askirim. "Yayata ma haka ta yi, ba abin da ya faru. Shekara nawa kina kashe kanki da karatu? Ki sha iska, dalla!"

Tessa Kowalke ƙawarta ce tun suna cin ƙasa. Ita ta riƙe mata gashi ranar da ta yi amai a motar makaranta. Ita ce ta fi kowa ihu da sakamako ya fito, har ta ari rigar sanyin kwalejin, koriyar nan da aka aiko wa Brynn, ta gwada a madubi ta ce, "Kin ga? Ni ma ta yi min." Ta ce ita kam shagon babanta za ta zauna, boko ya ishe ta. Darussanta duk na safe ne, da rana ba ta da aji.

Brynn kuwa da rana take da lissafi da kimiyya.

Yau tafki, gobe silima, jibi yawon banza a hanyar gonaki, taga a buɗe, waƙa har kunne ya toshe. Da Brynn ta ce gobe akwai gwaji, sai Tessa ta kama baki. "Gwaji? Ke da kin riga kin haye?" Wani lokaci Brynn takan ga littafi a ƙarƙashin kujerar motar, duk an ja masa layi da jan biro. Na ƙanenta ne, in ji Tessa.

A watan Yuni aka aika makin. Ba a jima ba Malama Dombrowski, mai kula da neman kwaleji, ta kira ta ofis.

Tessa ce ta kawo ta. "Shiga, ina nan. Zan sayo mana askirim."

Malamar ba ta yi kwana-kwana ba. Brynn ta faɗi lissafi, kimiyya da ƙyar. Ashcombe ta janye kujerar. Baban Brynn ya riga ya gaya wa duk wanda ya shigo garejinsa. Mamanta har akwati ta saya.

"Malama, ki roƙe su. Zan sake jarrabawar, wallahi zan..."

"Na roƙa, 'yata. Sun riga sun ba na biyu."

Brynn ta goge hanci da hannun riga. "Preston ko? To ya ji daɗi, munafuki."

Malamar ta cire tabarau ta dube ta. A waje hon ya yi ƙara sau biyu. Ta taga Brynn ta hango Tessa tana ɗago mata kofi biyu na askirim, tana murmushi.

"Preston ai bai ma nema ba," in ji malamar a hankali. "Na ɗauka kin sani, tunda kullum kuna tare. Tun Disamba na gaya wa Tessa ita ce ta biyu."