Takardar Taga

Manzon sarki ya ajiye kwanon gubar da aka yanke wa maigidana hukuncin sha, shi kuma ya rusuna sau huɗu yana fuskantar fadar sarki da ke Hanyang. Shekara talatin yana rubuta tarihin fada, ni ina hura wutar da ke ɗumama ɗakinsa ta ƙarƙashi.

Ban iya karatu ba. Da takardar da ke rufe tagarsa ta yage kwanakin baya, na tsinci wata takarda na liƙe. Ashe laifuffukan sarki ne a jere, da rubutun maigidana. Baƙi suka karanta, suka kai labari fada.

Yau na ce masa, "Ranka ya daɗe, ni ne na liƙa..."

"Na sani tuntuni, sakarai. Ƙara itace, guba ta fi saurin aiki in da ɗumi."

Na ƙara. Ya ɗaga kwanon, ya dubi tagar.

"Wannan karon farar takarda ka sa. Ashe kana koyo."